Daga ɗakin wanki zuwa kujerar babban koci: hanyar da na bi a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Wasan ƙwallon kwando ba baƙo ba ne a Zariya. Filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya daɗe yana fitar da 'yan wasa, kuma duk yaron da ya taɓa riƙe ƙwallo a garin ya san sunan Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya shafe shekara da shekaru yana koyar da yara a can. A hannunsa Masai Ujiri ya taso, kafin ya tafi wata kwalejin shekara biyu a Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa, daga bisani ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors wadda ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2019. Mu da muka biyo baya a wannan fili, labarinsa ne ya sa muka yarda akwai hanya daga Samaru zuwa Amurka. Sai dai dukanmu taurarin fili muke mafarkin zama. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa Masai da aikin bayan fili ya yi suna, kuma ba da albashi ya fara ba, da kuɗin aljihunsa ya riƙa yi wa ƙungiyar Orlando Magic farautar 'yan wasa.

Ni ma ta kwalejin shekara biyu na shiga, a wani ƙaramin gari a jihar Kansas inda gonakin alkama suka kewaye makarantar, iska kuma ba ta hutawa. Irin waɗannan kwalejoji su ne matattarar waɗanda takardunsu ba su cika ba da waɗanda manyan jami'o'i ba su gani ba. Burin kowace ƙungiya shi ne ta kai gasar ƙasa da ake yi a garin Hutchinson tun 1949. Mu ba mu kai ba, amma na yi wasan da ya sa wata jami'a ta ba ni gurbin ƙarasa digiri.

Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin yawancin jami'o'in ƙasar, ta raba makarantu rukuni uku, kuma a kan wannan rabo rayuwar koci take hawa da sauka. Rukuni na ɗaya yana da makarantu sama da 350, shi ne na talabijin da kuɗi, shi ne mai gasar watan Maris da aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 68 a 2011. Rukuni na biyu yana da ɗan tallafin karatu da ake rarrabawa tsakanin 'yan wasa. Rukuni na uku ba ya ba da tallafi don wasa ko kaɗan. Kwalejojin shekara biyu kuma da tasu hukumar daban. A rukuni na biyu na ƙare wasana, ni ne wanda ake sawa ya manne wa gwanin abokan karawa, kuma tun kafin shekarar ƙarshe na san babu kulob ɗin Turai da zai biya ni abin kirki.

Kocinmu ne ya fara furta maganar. Ya lura ni nake tsayawa bayan atisaye ina nuna wa sababbin yara inda za su tsaya, sai ya tambaye ni ko na taɓa tunanin koyarwa. Da na ce ina so, a gabana ya ɗauki waya ya kira wani tsohon mataimakinsa da ya zama babban koci a wata ƙaramar jami'a ta rukuni na ɗaya, ya ce masa yana da yaro mai riƙon amana. Shi ke nan. Duk aikin da na samu daga baya ta irin wannan waya ya zo. Sana'ar tana kama da ta Kantin Kwari: yaro ya shiga shagon maigida, ya yi shekaru yana share shago yana ɗaukar dila, maigida na kallonsa, ran da ya gamsu sai ya sallame shi ko ya haɗa shi da wani ɗan kasuwa. Takardar digiri tana da amfaninta, amma shaidar maigida ita ce jari.

Matsayin da aka ba ni shi ne na ɗalibin digiri na biyu mai yi wa ƙungiya hidima. Makaranta ta ɗauke mini kuɗin karatu, tana ba ni ɗan abin da zai biya rabin hayar ɗaki da cefane. Ga baƙo irina matsayin yana da wani amfani na daban, domin bizar ɗalibi ta ci gaba da aiki. Doka a wancan lokaci ta ce mutum huɗu kaɗai ke da izinin koyarwa a fili a rukuni na ɗaya, babban koci da mataimaka uku. Sai a 2023 aka ƙara gurbi biyu. Mu sauran ba mu da bakin gyara wa yaro tsayuwa ko riƙon ƙwallo. Namu shi ne duk abin da ya rage.

Bayan sallar asuba nakan buɗe zauren wasa in kunna fitilu, in tsaya ƙarƙashin kwando ina tare ƙwallo ina mayar wa duk yaron da ya zo ƙarin jifa. Daga nan in ɗauki jadawalin darussa in bi ajujuwa ɗaya bayan ɗaya, in leƙa ta gilashin ƙofa in tabbatar kowane ɗan wasa yana zaune, kuma a layukan gaba kamar yadda maigida ya sharɗanta. Da rana atisaye: riƙe agogo, goge gumi daga daɓen katako da tawul kada wani ya zame, rubuta jifan da ya shiga da wanda bai shiga ba. Da dare in kwashi riguna masu tsamin gumi zuwa injin wanki, kayan kowane yaro a ɗaure da maɗauri mai lambarsa, in zauna kusa da injin ina karatuna har ya gama juyawa. Umma takan tambaye ni a waya, "Wai kai yanzu wane aiki kake yi takamaimai?" In ce mata, "Umma, koyon aiki nake." Sai ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Ka riƙe gaskiya."

Wannan hidima ba ta taɓa rage mini daraja ba, kuma har gobe ina ganin kocin da bai yi ta ba akwai abin da ya rasa. A ɗakin wanki da cikin mota ne yara ke faɗin abin da ba za su taɓa faɗa wa babban koci ba: wanda mahaifiyarsa ke kwance a asibiti, wanda ya faɗi jarrabawa yana ɓoyewa, wanda ke shirin tattara kayansa ya koma gida. A nan na koyi wace magana ake kaiwa gaba, wacce kuma ake bari a ciki. Manyan da ake ji da su ma ta ƙasa suka faro. Roy Williams, wanda ya ɗauki kofin ƙasa sau uku da jami'ar Karolina ta Arewa, ya fara a can a 1978 da albashin da ba ya riƙe gida, har ya riƙa zagaya jihar da mota yana sayar da kalandar ƙungiya. Brad Stevens ya ajiye aikinsa a kamfanin magunguna na Eli Lilly a 2000 ya tafi jami'ar Butler da niyyar aikin sa-kai. A 2007 ya zama babban kocinta, a 2010 da 2011 ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa.

Idan aka yi dogon hutu sai a shiga yawon sansanonin yara. Kusan kowace babbar jami'a tana shirya sansanin koyar da ƙananan yara a watan Yuni, ta ɗauki matasa irina su kwana da yaran a ɗakunan ɗalibai, su yi alƙalancin wasanninsu, a ba su na mai. Fatan kowa shi ne wani mataimakin koci ya ga yadda kake tafiyar da yara goma 'yan shekara tara ba tare da hargowa ba, ya riƙe sunanka. Haka ma babban taron kociyoyi na ƙasa da ake yi duk shekara a garin da ƙungiyoyi huɗun ƙarshe na gasar Maris ke buga wasanninsu. Dubbai ke cika harabar otal, kowa sanye da riga mai tambarin makarantarsa, matasa huɗu ko biyar sun haɗa kuɗin ɗaki ɗaya. Mutum zai miƙo maka hannu amma idonsa na kan tambarin da ke ƙirjinka. Wannan ɗabi'a ba ta taɓa yi mini daɗi ba, sai dai a harabar nan ake jin wanda za a sallama da wanda zai tafi sabon wuri da mutanensa.

Da na gama digiri na biyu, mai kula da bidiyo ya samu ci gaba ya tafi, maigida ya ba ni kujerarsa. Idan aka ce in nuna wuri ɗaya da na koyi wasan nan da gaske, wannan ɗakin zan nuna, ɗaki marar taga mai kwamfuta biyu da allo. Ƙa'idar ita ce kafin maigida ya iso ofis da safe, an yanka wasan daren jiya gunduwa-gunduwa: kowane hari daban, kowane tsaro daban, an rubuta wa kowanne sunan tsarin da aka buga, wanda ya yi jifa, da yadda aka ƙare. Sannan a koma kan abokan karawa na gaba. Akwai manhajar Synergy da ke tattara bidiyon ƙungiyoyi ta rarraba shi, tana rage wahala ƙwarai, amma idon naka ne. Kai za ka lura yaya suke yi idan dogon ɗan wasanmu ya fito ya yi wa mai riƙe da ƙwallo shinge. Wasu nan take suke musanya mutanen da suke tsarewa. Wasu su biyu ke rufar wa mai ƙwallo don su tilasta masa sakinta. Wasu dogonsu ja da baya yake yi ya tsare bakin kwando, ya bar maka jifan tsakiya da gangan, domin lissafi ya nuna musu shi ne mafi ƙarancin riba. Kowanne da maganinsa, maganin kuma ya danganta da irin yaran da kake da su a hannu. Haka za ka bi 'yan wasansu ɗaya-ɗaya. Wannan idan ya bi hagu bugu biyu yake yi ya tashi jifa, idan ya bi dama sai ya kai kwando. Wancan ba ya waiwaye idan an zagaya ta bayansa. Wancan kuma da zarar alƙali ya busa masa laifi biyu ya daina tsaro ke nan.

Maigida yana da doka: rahoto shafi ɗaya, bidiyon da za a nuna wa yara kada ya wuce minti goma. Yaro ɗan shekara 19 da ya gaji, jama'a na ihu a kansa, abu biyu ko uku kawai zai iya tunawa. Zaɓen waɗannan ukun daga cikin abu hamsin da ka gani ya fi ganin wuya, kuma shi ke bambanta koci da mai sharhi.

Wani dare ina bin wasannin wata ƙungiya da ke gabanmu a tebur, na lura duk lokacin da za su jefo ƙwallo daga ƙarƙashin kwando, idan kocinsu ya taɓa haɓarsa, dogonsu zai yi kamar zai fita waje sai ya juyo a ɗaga masa ita sama. Na tara wuraren da hakan ya faru a bidiyo ɗaya na ajiye wa mataimakin da ke da alhakin wasan. Ranar karawa, saura 'yan mintoci a tashi, kocin ya kai hannu haɓa. Bencinmu gaba ɗaya ya miƙe yana ihu, yaronmu ya ja baya ya cafke ƙwallon a sama. Maigida bai ce mini komai ba a daren. A zaman ma'aikata na gaba, bayan mataimaka sun gama magana, ya juyo ya ce, "Kai me ka gani?" Tun daga ranar ake tambayata.

Mataki na gaba shi ne daraktan gudanarwa: bas, otal, abinci, rasit, jadawali. Ƙananan makarantun rukuni na ɗaya suna cike giɓin kasafinsu a Nuwamba da Disamba ta hanyar zuwa gidan manya, a biya su dubun-dubatar daloli a kowane wasa, galibi kuma a doke su. Ni ke ƙulla waɗannan wasanni, in tsara yadda tawaga za ta kwana a jiha uku cikin mako ɗaya ba tare da yara sun rasa jarrabawa ba. Kada a raina wannan kujera. Rena Wakama, wadda ta jagoranci D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, suka ɗauki kofin Afirka a 2023, ta kuma kai su kwata-fainal a gasar Olamfik ta 2024, a kanta ta fara a kwalejin Manhattan.

Lig ɗinmu irin wanda ƙungiya ɗaya tak yake turawa gasar Maris ne, wadda ta ci kofin ƙarshen kaka. Kana iya wata huɗu kana cin wasa, dare ɗaya ya rushe komai. Bayan kaka biyu marasa kyau sai aka kawo sabon daraktan wasanni, wanda ba shi ya ɗauki maigida ba. Washegarin wasanmu na ƙarshe aka kira maigida ofis, bai yi minti goma ba ya fito. Sai aka tara mu aka ce a ajiye makullai da wayoyin makaranta. Shi babban koci yana da kwantiragin shekaru, dole a biya shi ragowar. Namu na shekara ɗaya-ɗaya ne. Nawa ya fi na kowa nauyi, domin a lokacin na koma bizar aiki, wadda jami'o'i ke iya nema wa ma'aikaci ba tare da shiga ƙuri'ar shekara-shekara ba, amma a rataye take da aikin. Ga matata da juna biyu. Maigida, da nasa tashin hankalin, ya zauna a gidansa ya yi ta kiran mutane saboda mu, ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya samu inda zai sa kansa. Ba zan manta masa wannan ba.

Ni kwalejin shekara biyu na koma, a Teksas, mataimakin koci. A idon mutane saukowa ce. A wurina kuwa nan aka fara rataya mini usur. Mu biyu ne kawai, ni da babban koci, don haka rabin atisaye nawa ne. Ni ke tuƙa motar ƙungiya, ni ke kwana a ginin ɗalibai in raba faɗa, ina kuma koyar da darasin motsa jiki don albashi ya cika. Yaran kowa da tabonsa: wanda aka koro daga babbar makaranta, wanda karatu ya kayar, wanda bai taɓa zama ƙarƙashin doka ba. Abin da na sani a kwamfuta sai da na koyi faɗinsa da baki cikin daƙiƙa goma ga yaron da ke haki. Kuma yaron da ka zauna da shi daren jiya kuna lissafi har ya gane, shi ne gobe za ka daka wa tsawa a fili ya ce to.

Kociyoyin rukuni na ɗaya da ke zuwa ɗaukar yaranmu suka san ni, ɗaya daga cikinsu da ya samu kujerar babban koci ya kira ni. A lokacin, kafin a bar ka ka fita neman 'yan wasa sai ka ci jarrabawar dokokin NCAA, dokokin kuwa suna da yawa: ranakun da za ka kalli yaro amma ba za ka yi masa magana ba, ranakun da ba a fita ko kaɗan, abin da za ka iya kashe masa idan ya kawo ziyara. A watan Yuli kamfanonin takalma irin su Nike da Adidas suna shirya gasannin matasa, wadda ta fi suna ita ce Peach Jam a garin North Augusta na Karolina ta Kudu, kociyoyi su jeru a gefen fili daga safe har dare don yaro ya ga sun zo dominsa.

A faɗi gaskiya, aikin mataimaki a wannan mataki kawo 'yan wasa ne, wanda ba ya kawowa ba ya daɗewa komai iya koyarwarsa. Akwai kuma tarko ga irinmu. Da zarar an ga kai ɗan Afirka ne sai a mayar da kai mai kawo dogayen yaran Afirka, a daina tambayarka tsarin wasa, wanda aka sani da kawo yara kaɗai kuwa da wuya a damƙa masa ƙungiya. Baƙaƙen mataimaka 'yan ƙasar sun daɗe suna kuka da wannan. Na nemi sabon maigida ya ba ni alhakin tsaro da kasona na rahotannin abokan karawa, ya amince. Shekarun ɗakin bidiyo ne suka tsaya mini.

Yaranmu da ke zuwa daga Najeriya, Senegal, Mali, Kamaru da Sudan ta Kudu, sau da yawa tsakaninka da iyayensu akwai wani mariƙi da ya kawo yaron sakandare a Amurka. Akwai mutanen kirki a cikinsu, akwai kuma mai riƙe fasfon yaro yana jiran ranar da za a ci riba. Na ɗaukar wa kaina cewa ba zan ɗauki yaro ba sai na yi magana da wanda ya haife shi. Wani dattijo a Kaduna, da aka haɗa mu ta WhatsApp ya ji na gaishe shi da Hausa, sai da ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Malam, ni ban san wannan wasa naku ba. Abu biyu nake so, ya yi karatu, ya riƙe sallarsa." Na ce, "Baba, ba zan yi maka alƙawarin zai shiga NBA ba, domin kusan mutum 60 suke ɗauka a shekara daga duniya baki ɗaya. Amma idan ya yi nasa, zai dawo maka da digiri, kuma duk ran da ka kira ni zan ɗauka." Ya ce, "To ga amana nan." Wannan kalma ta fi duk takardar da yaron ya sa wa hannu nauyi a wuyana. Ita nake tunawa duk lokacin da aka zauna ana maganar a kori yaro don a samu gurbin wanda ya fi shi.

Matsin kawo yara ba ƙarami ba ne, kuma yana kai mutane inda ba su yi niyya ba. A watan Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mutum goma kan cin hanci a harkar ɗaukar 'yan wasa, huɗu daga cikinsu mataimakan koci ne a manyan jami'o'i. Ranar babu ofishin da aka yi aiki, kowa na kan waya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mataimaka ne aka sa wa ankwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga nan duk matashin da ya zo hannuna nakan gaya masa ya san tun da wuri abin da ba zai yi wa kowane maigida ba, ko da aikin zai tafi.

Kujerar babban koci ta zo ne daga wata jami'a ta rukuni na biyu. An zaunar da ni gaban kwamiti: daraktan wasanni, wakilin malamai, wani mataimakin shugaban jami'a, daga baya kuma 'yan wasan kansu. Tambayoyi kan tsarin wasa kaɗan ne. Yawanci kan yara nawa za su gama karatu, yaya zan tara kuɗi, me zan yi idan gwanina ya karya doka ana gobe babban wasa. Na tafi da fayil mai kauri, amma daga baya daraktan ya gaya mini ya kira masu gidana uku na baya kafin ma ya kira ni, har da wanda aka kora.

Tsakanin kujerar mataimaki da ta babban koci taku ɗaya ne a benci, amma aikin daban ne. Mataimaki shawara yake kawowa, idan ta ɓaci ya yi barcinsa. Yanzu idan aka nemi hutun daƙiƙa talatin, ido goma ne a kan allon da ke hannuna. Rukuni na biyu kuɗin cikakken tallafi goma kawai ya yarda a kashe, alhali rukuni na ɗaya ya daɗe yana da 13 kafin 2025, don haka nakan zauna da kalkuleta ina raba goman tsakanin yara 14 ko 15: wannan rabi, wancan kashi ɗaya cikin huɗu, wancan kuɗin littattafai kawai. Ni ke zuwa cin abinci da tsofaffin ɗalibai in roƙi kuɗin bas. Ni ke rufe ƙofa in gaya wa ɗan shekarar ƙarshe, wanda ya ba makarantar nan gwiwoyinsa, cewa sabon yaro ya karɓe gurbinsa. Babu wani mataki na baya da ya shirya ni wa wannan zama.

Ana yawan ba mu misali da haƙurin da aka yi wa magabata. John Wooden ya kama aiki a jami'ar UCLA a 1948, sai 1964 ya ɗauki kofinsa na farko cikin goma. Mike Krzyzewski ya ci wasa 38 ya sha kaye 47 a shekaru ukun farko a jami'ar Duke, aka bar shi, ya yi ritaya a 2022 da nasara 1,202 da kofi biyar. Dan Hurley ya yi shekara tara yana horar da 'yan sakandare a Newark, ya bi ta Wagner da Rhode Island kafin ya ɗauki kofi a 2023 da 2024 da jami'ar Connecticut. A yau koci kaɗan ne ake ba wannan igiya, shekara uku ko huɗu an gama yanke hukunci.

Ƙasar ma ta motsa a ƙarƙashinmu. A Oktoban 2018 aka buɗe rajistar 'yan wasan da ke son sauya makaranta. A 2021 aka daina tilasta wa wanda ya sauya karon farko ya zauna shekara ɗaya ba wasa, a Yulin shekarar kuma aka bar 'yan wasa su ci kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantun rukuni na ɗaya damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Tony Bennett, wanda ya ɗauki kofi da Virginia a 2019, ya ajiye aiki a Oktoban 2024 saboda yana ganin bai dace da sabon yanayin ba. Ni ra'ayina yaran sun cancanci haƙƙinsu. Kociyoyi sun daɗe suna barin makaranta da tsakar dare saboda ƙarin albashi, babu wanda ya ce su zauna shekara ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yaranmu baƙi, waɗanda bizar ɗalibi ta taƙaita musu aikin kuɗi, ga kuma masu ruɗarsu da alƙawuran da ba a rubuta ba.

Akwai abin da zamana a wannan kujera ya sauƙaƙa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin gasannin ƙarshen kaka. Adama Sanogo, ɗan Mali, yana azumi ya buga gasar 2023 har aka zaɓe shi gwarzonta, kuma hakan ya sa kociyoyi da yawa sun daina yi wa yara Musulmi kallon masu neman uzuri. A ƙungiyata ba sai yaro ya roƙa ba. Nakan gaya wa otal a ajiye abincin sahur, a benci kuma akwai dabino da ruwa idan magariba za ta same mu a fili.

Kakar bana ta ƙare mana a wasan kusa da na ƙarshe na lig. Mako guda bayan nan na zauna da yaran ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake yi kowace shekara, domin yanzu sai ka sake neman 'yan wasanka kafin ka nemi na waje. Gwaninmu, wanda muka ɗauko babu mai nemansa, ya shigo yana sunkuyar da kai ya ce makarantun rukuni na ɗaya suna so, kuma akwai kuɗi. Na ce ya ɗaga kansa. Muka zauna muka duba wace ce za ta karɓi darussan da ya riga ya ci don kada digirinsa ya ja baya, wace ce ke da mutum uku a gurbinsa, wane koci ne kwantiraginsa ya kusa ƙarewa. Ya zaɓi ɗaya, na kira kocin na gaya masa gaskiyar yaron, ƙarfinsa da rauninsa. Yanzu ina da gurbi huɗu a buɗe da kuɗin tallafi ɗaya da rabi, kwantiragina saura shekara ɗaya, kuma akwai wani dogon yaro a wata kwalejin shekara biyu a Nebraska da mataimakina ya nace sai na je na gani da idona kafin wata makaranta ta riga mu.